Darasi a Kan Notin Ƙafar Mota: Abin da Mai Hatsi Zai Duba Kafin Lodi

 

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Anka da Gummi da Bukkuyum da kewaye! Farashin gero da dawa da wake shina nan ga shafinsa kamar kullum. Wanga shafi kuwa na keɓe shi ga wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, wato notin ƙafar mota. Ni ba makanike ba ne, sana'ata hatsi. Amma hatsi ba shi zuwa kasuwa da ƙafarsa, sai mota ta kai shi, mota kuwa noti ke riƙe da ƙafarta.

Sababin wanga darasi

Shekara uku da sunka wuce, da kaka, na sayi dawa buhu 60 a ƙauyukan wajen Duza, na ɗauki hayar Kanta zuwa Anka. Direban ya gaya mani shekaranjiya anka sauya mashi fallen sifirin guda, mota lafiyarta lau. Munka yi lodi, munka kama burji. Bayan la'asar sai munka ji ƙara daga baya, mota ta karkace, taya ta shiga gogar bodi. Da munka leƙa, ashe notocin yubol sun saki, santabol ya yanke, aksul ya zame baya ta gefe guda. Wanda ya yi gyaran tsohon yubol ya mayar, ya ɗaure da ƙarfin hannu, bai ce a komo a ƙara ɗaurewa ba.

Ranar nan na biya kuɗin mota biyu, na biya 'yan dako sau biyu, kasuwa kuma ta ci ba ni ciki. Wannan duk mai sauƙi ne. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki a shekarun nan, ya san abin da ake nufi in an ce mota ta tsaya a daji rana na faɗuwa. Allah ya tsare mu. Tun daga nan na riƙa zama gareji ina tambaya, ina sa yara su karanta mani takardun masu ƙera ƙarfe. Ga abin da na samu, fasali fasali.

Fasali na ɗaya: mene ne ke riƙe noti

Ka duba yadda yaron mota ke ɗaure kaya. Igiya ba ta riƙo sai an ja ta ta ɗame. In ta yi sako-sako, kome kyan ƙullinta, buhu zai zame. To, bol ma haka shike. In ana murɗa noti, bol shina miƙewa, miƙewar da ido ba shi gani, shi matse ƙarafan da ke tsakani. Wagga matsa ita ce riƙo.

Noti shina saki ta hanya biyu. Ta farko shi juya baya da kansa. Wani injiniya Bajamushe mai suna Gerhard Junker ya nuna a 1969 cewa girgizar da ke tura ƙarafa gefe da gefe ita ta fi kwance noti. Har yau da na'ura mai sunansa ake gwada makullan noti. Girgiza irin wagga ita ce abincin gargada, daga ƙauye har a hau kwalta.

Ta biyu kuwa noti bai motsa ba ko kaɗan, amma matsa ta tafi. Ka san in an yi lodi an ɗan taɓa tafiya, buhuna kan zauna, igiya ta saki, sai an tsaya an ƙara ja. Haka tsatsa da ƙasa da fenti da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe kan murƙushe, wuri shi buɗe.

Makullin noti kowane iri maganin ta farko ne kaɗai. Ta biyu maganinta a kankare wuri shi yi tsab kafin a haɗa, a ɗaure daidai awo, sa'an nan a komo a ƙara ɗaurewa. Wanda ya riƙe wanga fasali ya riƙe rabin darasi.

Fasali na biyu: lambar da ke bisa kan bol

Kamar yadda ba ka sayen hatsi sai ka soka buhu ka gani, kada ka yarda a sa bol ga ƙafar mota sai ka dubi kansa. Za ka ga lamba: 4.6 ko 4.8 ko 8.8 ko 10.9 ko 12.9. Wagga lamba ƙarfin ƙarfen ce.

Ga misali da awonmu. Bol mai kaurin milimita 12, in lambarsa 4.6 ce, nauyin buhu wajen 34 masu kilo 100 zai tsinka shi in an rataya. In 8.8 ce sai wajen buhu 68. In 10.9 ce sai wajen buhu 89. Kauri guda, tsawo guda, amma wani ya ninka wani. Wanga lissafi na tsinkewa ne tsaye cik. Bisa hanya kowane rami ƙara ma nauyi duka shike yi, shi ya sa ake barin rata mai yawa.

Ƙafar mota ba ta karɓar abin da ya kasa 8.8, wurare da yawa ma 10.9 masu ƙera mota sunka sa. Wanda ba shi da lamba sam, na ƙofa ne da gadon ƙarfe, a bar shi can. Kuma kada ka ce 12.9 ya fi yawa don haka ya fi kyau. Taurinsa ya yi yawa, in tsatsa ta kama shi shina iya tsagewa ba gargaɗi. Fari mai ƙyalli wanda ba shi tsatsa, mai alamar A2-70, shi ma bai kai 8.8 ƙarfi ba. Ƙa'ida ita ce, lambar da anka cire ita za a mayar.

Noti ma shina da tashi lamba, 8 ko 10. Bol 8.8 noti 8, bol 10.9 noti 10. In ka haɗa bol mai ƙarfi da noti mai taushi, tiredin noti ne zai suɗe. In kuma ka ga bol mai layuka bisa kai maimakon lamba, awon Amurka ne: layi uku shina kusa da 8.8, layi shida shina kusa da 10.9.

Sai batun tiredi, wato murɗin nan da ke jikin bol. Akwai mai faɗi, akwai mai ƙanana. Ƙasar nan ta tara mota iri-iri. Akwai Fijo da anka fara haɗawa a Kaduna a 1975, akwai motocin Japan irin Hilux da Kanta, akwai ragowar Bedford da tsofaffin Land Rover masu awon inci. Notocinsu duk sun gauraye cikin kwanon mai sayar da sifeya. Mu kan kira bol da lambar sifanarsa, amma wannan ruɗi ne: sifana 17 tana kama bol mai milimita 10 na Turai, tana kuma kama mai milimita 12 na Japan. Gwaji mai sauƙi shi ne, noti na gaskiya shina shiga da yatsu zagaye uku ko huɗu ba gardama. In sai da sifana tun zagayen farko, ba nashi ba ne, tilas kuma cinye tiredi take yi.

Fasali na uku: ire-iren makulli

Na ɗaya, noti mai giɓi da fin mai ƙafa biyu. Kan notin shina da giɓi-giɓi, bol ɗin shina da huda, a zura fin a buɗe ƙafafunsa. Wanga ko ya saki ba shi faɗuwa. A ɗaure shi daidai awo, in giɓi bai yi daidai da huda ba, a ƙara gaba kaɗan, kada a komo baya. Fin sabo kowane karo, domin wanda anka lanƙwasa anka miƙe ya gaji. Shi kaɗai notin bakin aksul mai daidaita boris ke da hukunci dabam, ba a matse shi tam, wannan a bar ma makanike.

Na biyu, noti mai roba a baki. Robar tana kama tiredi ta hana shi juyawa. Sharaɗinsa uku ne. Bol shi fito bayan robar da tiredi biyu ko fiye. Kada a sa shi inda zafi ya wuce digiri 120, wato sama da tafasar ruwa kaɗan, kamar kusa da salansa ko inda birki ke gasawa. Kuma in an kwance shi a sa sabo. In ka ga ya shige da yatsu har ƙarshe, robarsa ta mutu, noti ne kamar kowane.

Na uku, noti na ƙarfe zalla wanda anka ɗan matse bakinsa tun daga masana'anta. Aikinsa irin na mai roba ne, sai dai shi zafi bai dame shi ba. Shi ma in ya fara shiga da sauƙi ya gama aiki.

Na huɗu, noti biyu. Amfaninsu ba shi samuwa sai an riƙe na ƙasa da sifana guda, an matsa na sama a kansa da wata, sun ciji juna. In an ɗora na biyu kurum an bari, tare za su juya su fita.

Na biyar, ruwan ɗaure tiredi, wanda anka fi sani da sunan Loctite, da anka ƙirƙiro a Amurka cikin shekarun 1950. Shuɗi sifana na kwance shi. Ja kuwa sai an gasa shi wajen digiri 250 kafin shi saki, don haka ba a sa shi inda akwai roba kusa. Sai an wanke mai da giris daga tiredi kafin shi kama da kyau.

Na shida, washa tsagaggiya mai kama da zoben da anka yanka. Wagga ita ce kowa ya sani, ita ce kuma ta fi rauni. In an matsa noti sai ta kwanta ta zama kamar washa shimfiɗaɗɗiya. Gwajin girgiza ya nuna ba ta hana bol mai ƙarfi kwancewa. Hukumar NASA ta Amurka ta faɗi haka cikin littafinta na ɗaure ƙarfe na 1990, Jamusawa ma sun janye ƙa'idarta daga cikin ƙa'idojinsu. In mai mota ya ce maka kada ka damu akwai washa, to, ka damu.

Fasali na huɗu: kowane wuri da nashi

Tayarod da boljoyin, wato mahaɗan da ke riƙe tayar gaba da sitiyari. Nan ake rasa rai, domin in noti ya faɗi taya ta bar umurnin direba nan take. In bol mai huda ne, noti mai giɓi da sabon fin. In ba shi da huda, sabon noti mai roba ko na ƙarfe matsattse.

Yubol, wato lanƙwasassun ƙarafan da ke rungume sifirin da aksul. Nasu dogon noti ne mai tiredi da yawa, da washa mai tauri shimfiɗaɗɗiya. Masu ƙera sifirin sun ce in an kwance yubol a sa sabo, domin tsohon ya riga ya miƙe, tiredinsa ya ci. Ana ɗaure notocin huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba a gama guda a koma wani ba. Sa'an nan bayan tafiya ta farko ko ta biyu da kaya a komo a ƙara ɗaurewa, don fallayen sifirin sun zauna. Wannan ne aka ƙi yi ga motar da ta kwashe mani dawa.

Santabol, ɗan siririn bol da ke ratsa tsakiyar fallaye. Ba a yi shi don ɗaukar kaya ba, jera fallaye ne aikinsa. In ka ji ya yanke, ko falle ya karye daidai hudar tsakiya, laifin na yubol ne da ya saki. Sauya santabol kaɗai sake gayyatar ɓarna ne.

Bol ɗin idon sifirin da na shokozoba, masu ratsa roba. Waɗanga noti mai makulli suke so, kuma ba a yi masu ɗaurin ƙarshe mota na bisa jak. Sai an sauke ta ta tsaya bisa ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Notin taya. Ba a ƙara mashi washa tsagaggiya ko ruwan ɗaurewa, zamansa cikin gurbinsa da ɗauri daidai ke riƙe shi. Wasu manyan motocin Japan notin tayarsu ta hagu murɗin hagu gare shi, akwai harafin L bisa kai. Yaro marar sani kan ce zai ɗaure, ashe kwancewa shike yi.

Fasali na biyar: abin da ba a yi

Ba a sa ƙusar kafinta ko waya a madadin fin, sai dai a lallaɓa a isa gari, a cire ranar nan. Ba a ɗiga walda bisa noti don kada shi kwance, wuta na kashe taurin bol, shi karye daga gindin waldar. Ba a gasa fallen sifirin. Ba a naɗa leda ko zare ga tiredin da ya suɗe. Ba a zura bututu ga sifana ƙato shi hau shina tsalle, domin bol da anka ja ya wuce iyakarsa ya zama kamar igiyar da ta fara tsinkewa daga ciki. In ka ga wuyan bol ya sirance, ka jefar.

Ka sani kuma, wajen kashi 9 cikin 10 na ƙarfin da ake sa ma sifana gogayya ke cinye shi, kashi guda ke zama matsa. Don haka in an shafa mai ga tiredi, ƙarfi guda zai ja bol fiye da ƙima. Akwai sifana mai awo wadda ke yin ƙas in an kai adadin da masu mota sunka rubuta. Mai hatsi ba shi yarda a auna mashi da tafin hannu alhali ga tiya. Garejin da ke da wagga sifana ya cancanci a ƙara mashi kuɗin aiki.

Wajen saye, akwai bol mai taushi da anka buga ma lambar ƙarya, kamar buhun da anka yi ma fuska. Ka saya ga wanda ka sani, wanda za ka iya komo ma. Bol na asali da anka ciro daga motar gwanjo, irin wanda ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano, in tiredinsa lafiya kuma bai lanƙwashe ba, sau da yawa ya fi sabo marar asali. Amma fin da noti mai roba da yubol, waɗanga sababbi.

Fasali na shida: duba kafin lodi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin buhun farko shi hau, ka roƙi direba ku durƙusa tare. Abu biyar za ku duba, ba su cin minti 10.

Ku dubi notocin yubol, huɗu kowane gefe, ko sun cika, ko tiredi ya fito bayansu. Ku dubi gindin kowane noti: in akwai jan gari kamar na tsatsa shina zubowa, ko wuri ya yi ƙyalli kamar an goge, ƙarfe na motsi ke nan. Ku ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: matsattse shina amsawa tsaf, sakakke shina amsawa kamar fasasshiyar tukunya. Ku dubi fin na tayarod da boljoyin ko shina nan. Ku ja baya ku dubi tazarar tayar baya da bodi dama da hagu, in ba daidai ba aksul ya fara zamewa.

Ka tambaya kuma: yaushe anka taɓa ƙafar motar nan, an komo an ƙara ɗaurewa? Mota da ta fito gyara jiya ta fi bukatar duba bisa wadda ta yi wata tana aiki. Ga mai motar kansa akwai dabara mai araha: bayan ɗauri a ja layin fenti daga noti zuwa ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Ran da layi ya rabu, noti ya juya, ko yaro zai gane.

Mu ma 'yan kasuwa muna da namu laifi. Mu ne ke cewa a ƙara buhu biyar, ai hanya guda ce. In sifirin ya miƙe ya kwanta tun a tasha, kowane rami kai tsaye zai doki yubol, kuma babu makullin da anka ƙera don wannan. Dillali da ke haɗa mai kaya da mai mota shi ma shi sa ido, sunansa ne ke tafiya tare da kayan.

Fasali na bakwai: haƙƙi

Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan wanga babi. Cikin Risala an ɗora ma mai sana'a lamunin abin da anka ba shi ya keɓanta da shi. Sun kuma tsananta ga wanda anka yi haya shi ɗauki abinci fiye da mai ɗaukar sauran kaya, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Tafsilin wannan a koma ga malamai. Abin da ya shafe mu shi ne, makanike da ya karɓi kuɗin sabon noti ya mayar da tsoho ya ci amana. Direba da ya ji ƙafa na ƙara ya yi shiru don kada lodi shi wuce shi ya ci amana. Mai kaya da ya tilasta lodin da ya wuce ƙima, in ɓarna ta zo, shina da kaso ciki. Kuma bisa buhunan nan akwai 'yan dako da yaran mota zaune, 'ya'yan mutane ne.

Fin guda kuɗinsa bai kai tiyar gero ba. Yubol sababbi ba su kai abin da na biya 'yan dako da mota ta biyu ranar nan ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tun muna makarantar allo anka koya muna a ɗaure raƙumi kana a yi tawakkali, to, raƙumin zamaninmu ga inda ake ɗaure shi.

Wanda ya karanta shi karanta ma wanda bai iya ba, musamman direbobi da yaran mota a tasha. In makanikai sun ga kuskure cikin abin da na faɗi, su aiko da gyara, za a buga. Allah shi tsare hanyoyinmu, shi kawo muna zaman lafiya, shi sa albarka ga kasuwa, shi kai kowa gida lafiya da kayansa. Amin.